Hancin da Baba Ya Yi wa Boksi

Shekara talatin da takwas mahaifina Abdulmuttalib ya yi yana kula da injinan ban-ruwa na gonakin Suki, kuma duk tsawon lokacin nan ba mai kiransa da wani suna sai Usta. A ƙasarmu ba kowa ake ce wa usta ba, sai wanda hannunsa ya san ƙarfe, wanda in inji ya ƙi tashi ake zuwa a ɗauke shi ko da loma ce a bakinsa. Daga baya hannunsa ya fara rawa. Ya ajiye aiki, ya je Makka ya dawo, mutane suka koma kiransa Haj. Suna ne mai daraja, ban ce a'a ba. Amma shi Haj gaishe shi ake yi a wuce. Shekara shida ba wanda ya tsaya a ƙofarmu ya tambaye shi ko yadda ake ɗaure noti, kuma ina kallo abin yana cinsa, yana ramewa a kan gadonsa na igiya a gindin dogon yaro. Ni Ruqaya, 'yarsa ta uku, ba abin da nake so a duniya kamar in sake jin an kira shi da sunansa na aiki.

Mijina Hamid direba ne. Yana da boksi, wato a-kori-kurar nan mai buɗaɗɗen baya, fara ce da can, yanzu launin ƙasa ta fi kama. Da rani yana jigilar mutane zuwa kasuwa, da damina kuma yana kai iri da masu aiki gonakin tudu da ke hayin Kor Ɗan Ladi. Kor ɗin nan, wato rafin, wata tara a bushe yake, awaki na kwana a cikinsa, amma in ruwa ya sauka sai ya cika ya batse cikin sa'a guda.

Gidanmu da na Baba katanga ɗaya ce ta raba, sai dai tsakanin Hamid da Baba akwai wata katangar da ta fi wannan tsawo. Mu a nan har yanzu muna riƙe da kunyar surukai irin ta kakanninmu. Shekara tara da aurenmu, Hamid bai taɓa cin abinci a gaban Baba ba, bai taɓa kama sunansa ba. Ran Juma'a zai je, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa kansa a ƙasa, ya tashi. Iyakarta ke nan. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa ta bakina take bi. Ni ce wayarsu, kuma waya ce mai ƙara gishiri, ban ɓoye ba.

A ƙarshen ranin bara akwatin da motar ke shaƙar iska ta cikinsa ya tsage. Hamid ya ɗaure shi da waya, ya kuma yi kuskuren faɗa wa yayansa Osman da ke aiki a Riyad. Ba a yi wata ba sai ga kwali ya iso a hannun wani matafiyi. Da aka buɗe, wani bututu ne mai sheƙi kamar sabon faranti, da jan filta a bakinsa mai siffar mazurari. Osman ya yi bayani a waya: bututun yana gangarawa ne har bayan ƙarfen gaban mota, can ƙasa inda iska ta fi sanyi, inji ya samu ƙarfi, ya riƙa gurnani. Hamid ya kai motar birnin Sinnar aka ɗaura, ya dawo bakinsa har kunne. Daga bakin titi zuwa gida sau uku ya taka mai babu dalili, kaji na ta watsewa.

Da la'asar na kai wa Baba gahawa. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ruqaya, mi anka yi ma arabiyyar mai gidanki?"

"Ka ga motar ne, Baba?"

"Ban gan ta ba, na dai ji ta. Da tana shaƙa da ƙirji, yanzu ko da ƙahwa take shaƙa. Wa yas sauke mata hanci ƙasa ga damana bisa kai?"

Na gaya masa komai. Ya ɗaga ɗan kofinsa, hannun na rawa har gahawar na fantsala a kan jallabiyarsa. Ya ce inji iska yake shaƙa ya matse ta, ita iska tana yarda a matse ta, amma ruwa ba ya yarda. In cikin kofin nan guda ya shiga, ƙarfen ciki ne zai lanƙwashe. "Ki hwaɗa mai, abun na da kyau, ban kushe ba. Amma na ƙasar da ba a ruwa na. Nan hanci bisa yaka zama."

Na kai saƙo a kan abincin rana washegari. Hamid ya yi 'yar dariya, ya ce, "Haj zamanin turumba ya sani, ya Ruqaya. Wanga abu na zamani na."

Turumba ita ce injin ban-ruwa, wato aikin da ya ciyar da ni ya tufatar da ni. Nan take zuciyata ta taso. Na kira shi da sunan 'yarmu, na ce, "Abu Widad, yaushe rabon Yaya Osman da ya ga kor da idonsa? Ruwan da ya sani yanzu na cikin kwalba ne." Ya ajiye cokali, ya ce to ya nake so ya yi, ya ce wa yayansa kyautarsa ba ta yi ba? A nan kam na gane. Ba taurin kai kaɗai ba ne, kunyar yayansa ce ta ɗaure shi. Amma ban sassauta masa ba, kwana biyu miyarsa ba ta ga man shanu ba.

Baba bai jira amsa ba. Ya ba ni igiya, ya ce in Hamid ya kwanta hutun rana in je in auna motar, daga gefen inji zuwa gindin gilashi, daga nan zuwa saman rufi, in ƙulla a kowane wuri. Ya aike ni kasuwar Suki na sayo baƙin bututun roba irin na ban-ruwa, mai faɗin inci uku, da gwiwa biyu, da gam, da tsohon tiyub ɗin taya. Zarto ba ya zama a hannunsa, don haka ni ce mai yanka, shi ne mai faɗa. Kuma wallahi ya yi faɗan. In na karkace da faɗin ƙwayar dawa sai ya ce in sake. Na ce, "Baba, mota ce ko amarya?" Ya ce in yi shiru in riƙe da kyau. Kwana shida muna wannan aikin, kuma a kwana shidan nan ya cinye duk abincin da aka kai masa, abin da ya daɗe bai yi ba.

Da muka gama ya jingina bututun a bayan ɗaki, ya rufe shi da buhu, ya koma gadonsa. Ba wanda ya nema, ba wanda ya tambaya. Kullum in na wuce wurin sai raina ya sosu.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata. Da hantsi sai ga Hamid ya shigo a ƙafa, laka har gwiwa. A wani ɗan kududdufi kusa da magudanar gona, ruwan da bai wuce ƙwauri ba, motar ta yi tari biyu. Allah ya taimake shi ya kashe ta nan take, tarakta ta jawo ta gida. Jan filtan nan da aka ciro ya jiƙe sharkaf kamar soson wanka. Allah ya rufa asiri abin da ya shiga ciki bai kai ya yi ɓarna ba. Ya zauna a kan tabarma ya yi tsuru-tsuru. Ya kamata mace ta gari ta yi shiru a irin wannan lokaci. Ni dai ban yi ba, sai da na amayar da duk abin da ke cikina, sannan na ɗora masa ruwan wanka.

To, amma ta yaya suruki zai je ya ce wa surukinsa, na yi kuskure, taimake ni? Bakinsa ba zai iya ba. Washegari da safe ya sa jallabiyarsa ta fita, ya tsaya yana kallon bango, ya ce, "Zan tahi Sinnar da bas, sai la'asar. Arabiyyar nan ta tare hanya, na sa an tura ta gindin itacen Haj, akwai inuwa. Mabuɗi na cikin aljihun tsohuwar rigata. Kar kowa ya taɓa." Na ce to, ba mai taɓawa. Ko kwanar titi bai sha ba mabuɗin yana hannuna.

Sai an huda gefen motar kafin bututun ya fito, kuma sai an zana da'irar kafin a huda. Baba ya ɗauki gawayi ya kai hannu. Layin ya fito a karkace kamar tafiyar tsutsa. Ya goge ya sake, ya fi na farko muni. Sai ya yi jifa da gawayin, ya juya mini baya, ya tsaya yana kallon katanga. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba. Na tsinto gawayin na sa masa a hannu, na kama wuyan hannun da hannayena biyu na riƙe gam. Ban ja ba, ban tura ba, rawar kawai na tsayar. Ya zana da'ira tsaf. Na ɗauki kurfi na huda ƙarfe da guduma na fara bin layin.

Ya sa na mayar da tsohon akwatin iskar bayan mun liƙe tsagewar, muka saka sabon filta na takarda. Kowace mahaɗa sai da aka shafa gam aka naɗe da tiyub aka matse. Bututun ya hau ta gefen ƙofa har ya ɗan zarce rufi, bakinsa na kallon baya don kada ruwan sama ya zuba ciki. Sannan ya ce in tada inji, ya ba ni tafin tsohon silifa ya ce in hau in toshe bakin. In ba inda iska ke satar hanya, inji zai shaƙe ya mutu. Na toshe, inji ya ci gaba da aiki abinsa. Baba ya kasa kunne, ya bi bututun a hankali, ya nuna gwiwar ƙasa da haɓa. Muka kwance muka sake naɗewa. A karo na biyu ina ɗora silifan inji ya yi gum. Ya ce, "Tamam, ya yi," ya koma ya zauna.

Hamid ya dawo, ya zagaya motar sau biyu, bai tambayi wanda ya taɓa mabuɗi ba. Amma a tasha ya sha dariya. Akwai wani direba, Alamin, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Shi ya raɗa wa boksinmu suna Mai Shisha, shi ne kuma ya ce a gaban jama'a, "Haj ya zaci turumba ta, saura ya haɗa mata tiyo mu yi ban-ruwa." Maganar ta iso kunnena kafin azahar, ta kuma iso na Baba, don garinmu ba a ɓoye komai. Alamin ɗin nan ya yi ta naci har Hamid ya ara masa kyautar Osman, ya ɗaura a tasa, yana zagaya gari yana gurnani.

Bayan mako biyu aka yi ruwa mai ƙarfi da asuba. Ƙasa ta yi daidai da shukar riɗi, kuma in aka bari kwana uku ciyawa ce za ta riga iri fitowa. Hamid ya loda buhuna da mata huɗu masu aiki. Yana shirin tashi sai ga Baba ya fito da sandarsa, ya ce da ni, "Ki hwaɗa mai zan tahi. Ban taɓa gyara inji in tsaya nesa sadda za a tashe shi ba." Hamid ya sha jinin jikinsa, amma ba halin musu. Haka muka shiga gaba mu uku, ni a tsakiya, surukai biyu kowa na kallon tagarsa.

Mun tarar da motoci huɗu a bakin kor, har da ta Alamin, direbobi sun yi cirko-cirko. Ruwan ja ne, yana tafe da kara da rassa. Alamin ya hango mu ya ɗaga murya, "Ga jirgin ruwa ya iso!" Aka kwashe da dariya.

Baba ya yi kunnen uwar shegu da shi. Ya miƙo mini sandarsa, ya nuna wani tsagi da ya yi a jikinta. "Ki ce mai bututu ba ya maida arabiyya kwale-kwale. Ya shiga da ƙahwa ya auna. In ruwa ya kai tsagin ga, gida za mu koma, ko wa zai yi dariya ya yi." Hamid ya naɗe wando ya shiga, yana dogarawa, har ya kai tsakiya ya dawo. Saura yatsa uku ruwan ya kai tsagi, kuma ƙasan tsakuwa ce. Baba ya sa aka ɗaura buhu a fuskar motar, ya ce matan su zauna a kan kaya su riƙe ƙarfe.

"Ki ce mai giya ta hwarko. Kar ya yi gudu, kar ya canza, kar ya ɗaga ƙahwa."

Na juya na faɗa wa mutumin da ke jin komai da kunnensa, ya ce, "Ki ce na ji."

Muka shiga. Ruwa ya rufe taya, ya rufe fitilu, ya taru a gaban motar yana tafiya tare da mu. Sanyi ya taɓa ƙafata, na duba, ruwa ne ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Matan baya suka ɗauki salati. A tsakiyar kor igiyar ruwa ta bugi gefenmu, bayan motar ya goce, wani ruwan ya hau kan murfin inji ya watsu a gilashi. Na ji ƙarar injin ta fara sauka, Hamid ya tsorata yana janye ƙafa. Baba ya ce, "Ki ce mai..." Ni kuwa, mai bakin nan da duk unguwa ta sani, harshena ya ƙi motsi.

Sai Baba ya miƙa hannu ta gabana ya dafa gwiwar mijina.

"Hamid! Taka, ɗana. Kar ka sake ta. Tana shaƙa, ina jin ta. Taka!"

"To, Usta!" in ji Hamid, ya taka.

A saman kanmu bututun na jan iska, fuu, fuu, ba tari ko ɗaya. Motar ta yi nishi ta miƙe, tayoyin gaba suka kama tsakuwa, muka haura gaɓa ruwa na zuba ta ko'ina. Matan suka rangaɗa guɗa. Hamid ya tsaya, ya kifa goshi a kan sitiyari, kunnuwansa kamar za su kama wuta don kunya. Shekara tara, yau ga shi ya yi magana da surukinsa kai tsaye, kuma da ihu.

Baba ya sauka, ya sa aka ɗaga murfin inji. Bai bari na taimaka ba, da hannunsa mai rawa ya ɓalle maƙallan akwatin, ya daɗe yana yi. Ya zaro filtan, ya shafa, ya miƙo mini. A bushe yake ƙayau, har da 'yar ƙurar jiya. Na riƙe shi a ƙirji, hawaye suka zubo mini, kuma ban goge ba. Alfahari ne ya cika ni har wuya. Na so a ce duk Suki tana tsaye a wurin.

Daga wancan hayin muka ji kira. Alamin ne, ya shigo ruwa har gwiwa, ya kewaye baki da hannu biyu. Motarsa na can a tsaye da jan filtanta a ƙasa, buhunan irinsa a baya.

"Usta! Ya Usta! In na kawo ta gobe, za ka yi mani irin wanga?"

Baba yana mayar da filtan a akwati, bai waiga ba. Na ce, "Baba, da kai ake."

Ya ce, "Mi? Ruwan ga ya cika ƙara, ban ji ba."

Mutumin da ya gane inda aka sa hancin mota daga bayan katanga, wai shi ne bai ji ba. Na dubi fuskarsa, gefen bakinsa na motsi. Sauran direbobin suka taya Alamin, murya huɗu a haɗe, har tsuntsaye suka tashi daga kan ƙaya: "Usta Abdulmuttalib!"

Ya ɗaure maƙalli na ƙarshe a natse, ya goge hannu a jallabiya.

"Bari su ƙara guda," in ji shi, "sannan ki ce su zo da sahe."